Ɗumama man injin motar gudu a Yamai: wace hanya ta dace da motarka?

Duk wanda ya mallaki motar gudu a Yamai, ko BMW ce mai harafin M, ko Porsche, ko Subaru mai turbo, ko Toyota 86, ba ya rasa masu ba shi shawara kan abin da ya kamata ya yi da safe kafin ya danna totur. Makaniken unguwa zai ce ya bar ta a silo har allurar ruwa ta kai tsakiya. Abokin da ya zauna a Turai zai ce motar zamani ba ta buƙatar jira ko na minti ɗaya. Na uku kuma zai ce a garin da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, wane ɗumi kuma inji yake nema? Maganar na ukun nan ce ta fi shiga kunnen mutane a wurinmu, ita ce kuma ta fi cin inji, domin zafin da ke hana mutum barci a bazara har yanzu sanyi ne ga man inji.

An yi man inji ne don ya yi aiki a tsakanin digiri 90 da 110, kuma lambar da ke bayan harafin W a jikin galan, wato 30 ko 40 ko 50, a digiri 100 ake auna ta. Man 5W-40 kaurinsa a digiri 100 yana wajen santistok 14 (santistok ma'aunin kaurin mai ne), amma a digiri 40 yana wajen 85, ninki shida ke nan. A safiyar Janairu, lokacin da hunturu ke saukar da ma'auni zuwa digiri 15 ko 16 a Yamai da Tawa, kaurin wannan man ya haura 200. Man 20W-50, wanda masu garaji da yawa suke zuba wa kowace mota da hujjar zafin ƙasarmu, a digiri 40 ma yana kusan 160.

Mai mai kauri ba ya ƙin shafa ƙarfe, nawar gudana ce matsalarsa. Famfon mai yana juyawa ne tare da inji, saboda haka idan aka kai injin juyi 6,000 ko 7,000 a minti alhali man bai saki ba, matsin yakan yi yawa har bawul ɗin famfo ya buɗe ya mayar da wani kaso cikin kasko, wato mazubin mai da ke ƙasan inji, maimakon ya isa metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai da kan inji da turbo, waɗanda a daidai wannan lokacin ne suka fi buƙatarsa. Akwai kuma wani ƙaramin bawul a wurin filtar mai wanda yake buɗewa idan man ya kasa ratsa takardar filtar, ya bar shi ya wuce ba tacewa. A ƙasar da ba ta da ƙura wannan ƙaramar magana ce, amma a nan, inda hazon hunturu ke kwana a kan komai, ba ƙaramin abu ba ne a tura mai marar tacewa cikin metal da ƙarfin gudu. Sai kuma fistan, wanda na alminiyom ne, kuma zafi yana buɗa shi kusan ninki biyu na yadda yake buɗa baƙin ƙarfe. An auna tazarar da ke tsakaninsa da silinda ne bisa girman da zai yi idan ya ɗauki zafi, don haka kafin nan yana da ɗan wasa a ciki, kuma matsa masa a wannan hali yana cin zobba da bangon silinda.

Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne allurar da yawancin direbobi suke kallo ta ruwan lagireto ce, kuma ruwa yana riga mai ɗaukar zafi da mintuna da dama. A motoci da yawa ma an tsara allurar ta zauna cak a tsakiya da zarar ruwan ya shiga wani faffaɗan zango, don kada direba ya riƙa tsorata. Kamfanin BMW ya san wannan, shi ya sa a M3 ɗin da ya ƙera daga 2000 zuwa 2006, mai injin da ke kaiwa juyi 8,000, ya jera ƙananan fitilu a gefen agogon juyin inji, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya yayin da injin yake ɗumama, iyakar da aka yarda direba ya kai tana hawa da kaɗan-kaɗan. Adadin da masu wannan harka suka fi tsayawa a kai shi ne digiri 80: kafin mai ya kai nan a lallaɓa mota, bayan ya kai a buɗe mata.

Abin da za a auna kowace hanya da shi

Hanyoyi huɗu ne mai mota yake zaɓa a ciki: barin mota a silo tana tsaye, tashi a tafi a hankali bisa ƙiyasin lokaci, tafiya a hankali tare da ma'aunin zafin mai, da kuma sanya na'urar lantarki mai ɗumama mai tun kafin a tayar da inji. Tambayar farko, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce ko hanyar tana kai man digiri 80 da gaske, kuma ko direba yana da yadda zai san ya kai. Ta biyu kuɗi ne, na saye da na kullum. Ta uku ƙarko, wato abin da hanyar za ta yi wa inji a tsawon shekaru, da kuma yadda kayan da aka saya za su jure zafi da ƙura. Ta huɗu sauƙi, domin hanyar da mutum ba zai iya bi ba ranar da ya makara ba ta da amfani. Ta biyar kasada, wato abin da zai iya ɓaci idan aka yi kuskure. Gudun da ake nufi a nan shi ne na buɗaɗɗiyar hanya, kamar wuce tirela a hanyar Doso, inda ake sauke giya a danna totur har ƙasa. Tsere a cikin gari tsakanin ƴan kabu-kabu da ƴan makaranta ba ya cikin lissafin kowane mai hankali, ko man ya yi zafi ko bai yi ba.

Hanya ta farko: barin mota a silo

Wannan ita ce al'adar da muka gada daga zamanin motocin kafireto, waɗanda sukan mutu idan aka tashi da su da sanyi. A motar da kwamfuta ke auna mata fetur hujjar ta faɗi, sai dai al'adar ta zauna. Inji a silo ɗan fetur kaɗan yake ƙonawa, don haka ɗan zafi kaɗan yake samarwa. Ruwa zai hau a hankali, allura ta kai tsakiya, amma man da ke cikin kasko yana can baya nesa, kuma giyabos da aksul da tayoyi da birki duk ba su motsa ba balle su ɗumama. Mai motar sai ya fito daga gida da tabbacin cewa ya gama abin da ya kamata, ya taka da ƙarfi tun daga kwanar farko. Wannan tabbacin na ƙarya shi ne babbar kasadar hanyar.

Ta fuskar ƙarko ma ba ta da kyau. Muddin inji yana da sanyi kwamfuta tana ƙara masa fetur fiye da kima, wani kaso na fetur ɗin ba ya ƙonewa, yana wanke man da ke bangon silinda ya gangara cikin kasko ya tsinka man. Tururin ruwan da ƙonewar fetur ke haifarwa shi ma yana taruwa a ciki, kuma ba ya fita sai man ya yi zafi sosai na ɗan lokaci. Wanda yake son gani da idonsa ya zare sandar awon mai ta motar da aka saba bari a silo kowace safiya sannan a yi gajeriyar tafiya da ita, ya kai ta hanci: zai ji warin fetur a fili, wani lokaci ma ya tarar man ya ɗan haura alamar da aka cika shi, alhali ba wanda ya ƙara. Idan ya buɗe murfin zuba mai a lokacin ɗari yana iya ganin wani farin dasƙararren abu ya manne a cikin murfin, ruwa ne ya cuɗanya da mai.

Ba a sayen komai a wannan hanya, amma ana biya kullum. Injin lita 3 yana shan wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na lita a kowane minti 10 na silo. A farashin sefa 499 kowace lita da gwamnati ta tsayar a 2024, silon minti 15 ya kama wajen sefa 200, a wata kuwa wajen jika 6, kuɗin da aka ƙona ba a je ko'ina ba. Sauƙi kam tana da shi, ga wanda bai makara ba. Sai dai a kula da hayaƙin salansa a rufaffen garaji ko a tsakar gida kusa da tagar ɗakin yara, domin iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari. Masu wasa da totur mota tana tsaye don su gaggauta ɗumin kuwa, sun haɗa aibin silo da aibin gudu da sanyi wuri ɗaya, kuma wannan ba hanya ba ce da za a sa a awo.

Hanya ta biyu: a tashi a tafi a hankali

Ita ce littattafan masu mota na BMW da Porsche suke umarni da ita: kada a ɗumama inji a tsaye, a tashi a tafi da matsakaicin juyi. Yadda ake yi shi ne a tayar da mota a jira daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, gwargwadon lokacin ɗaura bel da gyara madubi, har a ji ƙarar injin da ta fara da ɗan ƙarfi ta sauko. Daga nan a tafi ba tare da an haura juyi 3,000 ba, kuma ba tare da an danna totur ya wuce rabi ba. Akwai kuskuren da masu taka-tsantsan suke yi a nan, wato su sa babbar giya tun mota tana rarrafe don juyin ya zauna ƙasa ƙwarai, sannan su danna totur injin yana kakkarwa. Wannan ma nauyi ne a kan metal. A bar injin ya juya cikin sakewa tsakanin 2,000 da 3,000.

Inji mai jan mota yana ƙona fetur ninkin-ba-ninkin na silo, saboda haka zafi yana zuwa da wuri, lokacin da inji ke yi cikin sanyi yana raguwa, kuma giyabos da aksul da tayoyi duk suna ɗumama tare. Ba ta cin ko dala, fetur ɗin da aka ƙona kuwa ya rage hanya. Ta fuskar ƙarko tana da kyau ƙwarai.

Rauninta ɗaya ne, amma babba ne: direba ƙiyasi yake yi. Ƙa'idar da za a iya riƙewa ita ce minti 10 zuwa 15 na tafiya a bazara, minti 15 zuwa 20 a hunturu, ko kuma a jira allurar ruwa ta kai tsakiya sannan a ƙara kwatankwacin lokacin da ta ɗauka. Amma motoci ba ɗaya ba ne. Tsohuwar Porsche 911 mai sanyaya inji da iska, wadda aka daina ƙerawa a 1998, tana ɗaukar mai wajen lita 11, kuma ɗumama wannan ba daidai yake da ɗumama lita 4 ko 5 na ƙaramin inji ba. Unguwa ma tana da nata tasiri. Wanda ya taso daga Yantala ko Harobanda zai nufi Doso, kafin ya ratsa gari ya wuce filin jirgin sama na Diori Hamani man ya riga ya yi zafi, garin ne ya yi masa aikin, ko da yake tsayuwar cunkoso a bakin gadar Kennedy silo ce, ba tafiya ba. Wanda ke zaune a Tallaje kuwa, ko mutumin Tawa da zai nufi Birnin Ƙonni da asuba, cikin ƴan mintuna hanya take buɗe masa, babu kowa a gabansa, iska da sanyi, allurar ruwa ta kusa tsakiya. A irin wannan wurin ne ƙafa take rinjayar lissafi.

Hanya ta uku: tafiya a hankali tare da ma'aunin zafin mai

Wannan ita ce hanya ta biyun nan, an cire mata ƙiyasi. Kafin a kashe ko sisi, a fara duba motar, domin motocin gudu da yawa sun zo da ma'aunin, wasu a fili a gaban direba, wasu a ɓoye cikin shafukan allon kwamfuta, kuma akwai masu motar da suka shekara ba su taɓa buɗe shafin ba. Idan motar agogon matsin mai kawai take da shi, shi ma yana ba da labari: da sanyi allurar tana sama ko a silo, idan man ya saki sai a ga ta sauko ƙasa sosai duk lokacin da aka tsaya a danja.

Idan babu, mataki mafi arha shi ne ƴar na'urar da ake cusawa a kafar OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda makanikai ke karanta kwamfutar mota ta cikinta, tana aika bayanai zuwa waya. Kafar ta zama dole a motocin Amurka tun 1996, a motocin fetur na Turai kuma tun 2001, don haka kusan duk motar da ake shigowa da ita yanzu tana da ita. Kuɗin na'urar bai kai na juyen mai guda na kirki ba, kuma ba a kwance ko ƙusa ɗaya. Sai dai ba kowace mota ce take bayar da zafin mai ta wannan kafa ba, wasu kuma kwamfuta ce take lissafa shi daga zafin ruwa da juyin inji, ba auna shi take yi ba. A gwada a kan motar kafin a biya. Masu arhar cikinsu suna iya shanye batir idan aka bar su a cushe mota tana ajiye kwanaki, kuma waya da aka manna a gilashi a ranar Afrilu takan ɗauki zafi ta kashe kanta.

Mataki na gaba shi ne agogo na musamman mai sansar da ke taɓa man kai tsaye. Galibi ana sa wani faifan alminiyom tsakanin inji da filtar mai a ɗaura sansar a jikinsa, ko kuma a sa ta a madadin ƙusar juye da ke ƙasan kasko. Wannan ya fi tsada, domin ga kuɗin agogo ga na faifai ga na aiki, amma duka ba su kai ko kusa da kuɗin sauke inji a canza metal ba. Kasadarsa a hannun mai ɗaurawa take. Duk mahaɗar da aka ƙara a hanyar mai wuri ne da zai iya yoyo, kuma robar faifan da ba ta zauna daidai ba tana iya zubar da man inji cikin ƴan mintuna a tsakiyar daji. Ni ba na son sansar ƙasan kasko a hanyoyinmu, domin motar gudu a ƙasa take ƙwarai, kuma tudun rage gudu ɗaya ko dutse ɗaya ya isa ya tsinke wayar. Bayan an ɗaura, a tayar da mota a leƙa ƙarƙashinta, a sake leƙawa bayan tafiyar farko da ta biyu.

Abin da ya sa na fifita wannan hanya a ƙasarmu shi ne ma'aunin yana tsaron ƙofa biyu. Da safe yana faɗa maka lokacin da man ya kai 80. Da rana tsaka a watan Afrilu ko Mayu, a doguwar hanyar da ta bi ta Doso da Dogon Dutsi zuwa Ƙonni, yana faɗa maka lokacin da ya haura 120, inda man yake tsinkewa kuma lalacewarsa take sauri, domin ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin tsufan mai. Allurar ruwa tana iya zama a tsakiya cikin natsuwa alhali man yana can sama. Wanda ya ga adadin sai ya sassauta ƙafa na ƴan kilomita har ya sauko, wanda bai gani ba sai ya ci gaba.

Hanya ta huɗu: na'urar ɗumamawa ta lantarki

Wani faifai ne mai zafi da ake mannawa a ƙasan kaskon mai, ko ƙarfe mai zafi da ake sawa cikin ruwan inji, a jona da wutar gida awa biyu ko uku kafin a tashi. An yi su ne don ƙasashe irin Kanada da Finlan, inda sanyi ke sauka ƙasa da sifiri da nisa har inji ya ƙi tashi. Masu sha'awarta sukan kawo misalin motocin tseren Formula 1, waɗanda ake zagaya musu ruwan zafi kafin a tayar da su, amma waɗannan injina ne da aka matse tazararsu matuƙa, ba irin na kan titi ba. Na'urar gida ba ta kai mai digiri 80, iyakarta ta ɗaga shi zuwa ɗumin da safiyar bazara take ba mu kyauta, saboda haka bayan an yi amfani da ita ma sai an tafi a hankali. Sai an yi odarta daga waje, waɗanda aka yi don Amurka na wuta 120 ne alhali tamu 220 ce, ranar da aka ɗauke wuta ba ta aiki, ga kuma igiyar lantarki a ƙarƙashin mota kusa da mai. A Yamai da Tawa kuɗi ne da aka kashe don ciwon da ba mu da shi.

| Hanya | Kai mai digiri 80 | Kuɗi | Ƙarkon inji | Sauƙi | Babbar kasada |
|---|---|---|---|---|---|
| Silo a tsaye | Da ƙyar, kuma direba bai sani ba | Ba saye, fetur kullum | Tana tsinka mai da fetur | Sai mai lokaci | Tabbacin ƙarya, hayaƙi |
| Tafiya a hankali | Tana kaiwa, da ƙiyasi | Babu | Mai kyau ƙwarai | Mafi sauƙi | Gaggawar direba |
| Tafiya da ma'auni | Tana kaiwa, ana gani | Kaɗan zuwa matsakaici, sau ɗaya | Mafi kyau | Da sauƙi bayan an ɗaura | Yoyo idan aiki bai yi kyau ba |
| Na'urar lantarki | Ba ta kaiwa | Mai yawa | Ƙaramin amfani a nan | Da wahala | Wutar da ba ta dace ba |

Abubuwa biyu da ke rushe duk lissafin

Na farko shi ne cire tamostat. Al'ada ce a garaji da yawa, da zarar mota ta iso daga tashar jirgin ruwa, a cire shi da cewa na ƙasar sanyi ne. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafi sannan ya sake shi zuwa lagireto. Idan babu shi ruwan yana zagayawa tun daga tashi, kuma a buɗaɗɗiyar hanya da safiyar hunturu injin yana iya yin tafiya mai nisa bai kai zafinsa ba, kwamfuta tana ta ƙara fetur. A motocin da ruwan inji ne yake ratsa wani ɗan akwati yana ɗumama man, cire tamostat yana jinkirta man shi ma. Duk mintunan da aka ambata a sama na motar da tamostat ɗinta yake ciki ne kuma yana aiki. Motar da ke zafi fiye da kima a duba lagireto da fanka da famfon ruwa, can matsalar take.

Na biyu shi ne irin man. A zuba abin da littafin motar ya ce. BMW ta ce wa waccan M3 ɗin 10W-60, Toyota ta ce wa 86 ɗinta 0W-20, kuma tazarar cikin kowane inji an yi ta ne don nasa. Zuba 20W-50 a injin da aka yi don siririn mai yana tsawaita lokacin da man yake da kauri fiye da kima kowace safiya. A kuma sayi man a wurin da aka amince da shi, galan a rufe da hatiminsa, domin man jabu da aka ɗura a tsohon galan ba ya bin ko ɗaya daga alƙaluman da aka rubuta a jikinsa.

Wace hanya ga wane ne

Wanda motarsa ta zo da ma'aunin zafin mai ba shi da abin saye, ya buɗe shafin ya bar shi a gabansa, ya tafi a hankali har 80. Wanda yake yawo da motar a cikin gari, sai jefi-jefi yake fita babbar hanya, hanya ta biyu ta ishe shi, da sharaɗin ya riƙe ƙa'idar mintuna, kuma lokaci-lokaci ya yi mata tafiyar da ta kai rabin awa don ruwa da fetur ɗin da suka taru a man su fita. Wanda yake yawan bin hanyar Yamai zuwa Tawa ko Maraɗi, ko wanda gidansa yake bakin gari inda hanya ke buɗewa nan da nan, ya fara da na'urar OBD2, idan motar ba ta bayar da adadin ba ya nemi makanike mai tsabtar aiki ya ɗaura masa agogo. Haka ma wanda aka ƙara wa injinsa ƙarfi, ko aka sa masa lagireton mai na daban, agogon dole ne gare shi, kuma lagireton man ya kasance mai tamostat, in ba haka ba man ba zai yi zafi da wuri ba a hunturu.

Mai tsohuwar mota ta kafireto shi kaɗai ne yake da hujjar silo kafin tashi, shi ma na minti biyu ko uku, har injin ya daina neman mutuwa, sannan ya tafi a hankali kamar kowa. Mai Mazda RX-8 ya guji tayar da ita ya matsar da ita ƴan taku ya kashe tun da sanyi, domin injinta yana shaƙewa da fetur ya ƙi tashi. Mai turbo kuma yana da ƙarin aiki a ƙarshen tafiya, saboda turbo yana juyi fiye da 100,000 a minti kuma mai ne yake ɗauke masa zafi. Idan ya taho da gudu daga Ƙonni zai tsaya a Doso, ya sassauta tun kilomita 3 ko 4 kafin gari, ya bar injin ya yi minti ɗaya a silo kafin ya kashe. Idan tsayuwar ta cin abinci da salla ce kawai, man bai huce ba, tafiyar minti biyar a hankali ta isa kafin ya sake buɗe mata.